Fukar Doki: Yadda Ake Kula Da Dokin Da Tari Ya Ƙi Saki

Doki dukiya ne mai tsada. A ƙasar Hausa ana hawansa ranar sallah. Ana rakiyar ango da shi. Ana zuwa kasuwa da gona a kansa. A wasu garuruwa kuma yana jan amalanke. Duk waɗannan ayyuka suna buƙatar ƙirji mai lafiya. Dokin da numfashi ya yi wa wuya ba ya sukuwa, ba ya jan kaya, kuma darajarsa takan faɗi a kasuwa.

Akwai wata cuta da take kama numfashin doki ta daɗe ba ta sake shi ba. Sunanta fuka. Doki yakan yi wata da watanni yana tari. A yi masa allura ya samu sauƙi na kwana kaɗan, sannan tarin ya dawo. Mai doki ya sake sayen magani, ya sake biyan kuɗin allura. Wani ma yakan gaji, ya sayar da dokin da araha.

Asalin wannan cuta yana cikin iskar da dokin yake shaƙa kullum. Ƙurar harawa da ƙurar barga su ne suke tayar da ita. Muddin doki yana shaƙar wannan ƙura, allura ba za ta riƙe shi ba. In aka raba shi da ƙurar yakan samu sauƙi sosai, har ya koma aiki. Yawancin gyaran kuwa ba ya cin kuɗi. Abin da yake buƙata shi ne ruwa da inuwa da kulawa.

Yadda Doki Yake Numfashi

Doki ba ya numfashi ta baki. Ta hanci kaɗai yake yi. Iska tana shiga ta hanci, ta bi maƙogwaro, ta sauka cikin huhu. A cikin huhu hanyar iska tana rarrabuwa kamar rassan itace. Babban reshe ya fitar da ƙanana, ƙananan su fitar da waɗanda suka fi su ƙanƙanta, har su zama sirara kamar zare.

Dokin da ya girma, in yana da lafiya kuma yana hutawa, yana numfashi sau 8 zuwa 16 a minti ɗaya. In yana sukuwa, kowane tsalle ɗaya numfashi ɗaya ne. A lokacin sukuwa, iskar da take shiga ƙirjin babban doki ta wuce lita 1,000 a minti ɗaya. Saboda haka in hanyar iska ta ƙuntata ko da kaɗan ne, a wajen gudu ake fara ganewa.

Mece Ce Fuka?

Likitocin dabbobi suna kiran wannan cuta asmar dawaki, domin ta yi kama da asmar da take damun mutane. Wannan suna ya bazu a tsakaninsu daga shekarar 2016. Kada a haɗa ta da tarin fuka na mutane, wato tibi. Cututtuka ne daban. Fukar doki ba ta yaɗuwa daga doki zuwa doki, kuma mutum ba ya ɗaukarta.

A cikin busasshiyar harawa da busasshiyar ciyawa akwai ƙura mai laushi. Cikin ƙurar akwai 'ya'yan fumfuna, waɗanda ido ba ya gani. Jikin wasu dawaki ba ya jure su. Da dokin ya shaƙe su, abubuwa uku suna faruwa a huhunsa:

1. Bangon ƙananan hanyoyin iska ya kumbura.
2. Naman da ya kewaye hanyoyin ya matse su.
3. Majina mai kauri ta taru a ciki.

Iska takan samu ta shiga, amma fitowarta ta yi wuya. Sai dokin ya riƙa matsa cikinsa da ƙarfi don ya turo ta waje.

Fuka mai tsanani ta fi kama dawakin da suka kai shekara 7 ko fiye. Tana kama ingarma, tana kama goɗiya, tana kama ƙuru. Akwai kuma mai sauƙi, wadda take kama har da dawaki masu ƙananan shekaru. Su waɗannan sukan yi tari jefi-jefi, su gaji da wuri wajen gudu, amma in suna hutawa numfashinsu daidai yake.

Dawaki biyu za su iya cin harawa ɗaya, ɗaya ya yi tari, ɗaya bai yi ba. Wannan bai nuna harawar tana da kyau ba. Jiki ne ya bambanta, kamar yadda hayaƙi yake tayar wa wani mutum da asma ya bar ɗan'uwansa.

In aka bar cutar shekara da shekaru, bangon hanyoyin iska yakan yi kauri ya zauna haka. A lokacin nan sauƙin da za a samu kaɗan ne. Icce tun yana ɗanye ake tanƙwara shi.

Alamomin Fuka

Mai doki ya lura da waɗannan:

1. Tari mai daɗewa, wanda ya wuce wata ɗaya. Ya fi zuwa lokacin cin harawa, ko lokacin shara, ko da an fara tafiya.
2. Majina fara ko mai ruwa-ruwa a hanci.
3. Gajiya da wuri. Bayan gudu yakan daɗe yana haki kafin ya huce.
4. Buɗe hanci sosai, alhali yana tsaye ba aikin da yake yi.
5. Matsa ciki sau biyu wajen fitar da numfashi ɗaya.
6. Wani layi da yake fitowa a gefen ciki, daga kwiɓi ya bi ƙasan haƙarƙari. Naman wurin ne ya yi kauri saboda yawan matsawa. Wannan alama ce ta cutar da ta daɗe.
7. Rama. Dokin yana ƙarar da ƙarfinsa wajen numfashi, har cin abinci ya yi masa wuya.

A galibi dokin fuka ba ya zazzaɓi. Idonsa garau yake, kuma a farkon cutar yana cin abincinsa.

Ƙirga Numfashi Da Rubutawa

Ƙirga numfashin doki ba shi da wuya. A yi shi da safe, a inuwa, kafin a ɗaura sirdi. A tsaya a gefen dokin a dubi kwiɓinsa. Ɗagawa da sauka, numfashi ɗaya ke nan. A duba agogo ko waya, a ƙirga na minti ɗaya cif. In ana samun fiye da 20 kullum alhali dokin yana hutawa, a nemi malamin dabbobi.

Yana da kyau mai doki ya ware ƙaramin littafi. Kowace safiya ya rubuta kwanan wata, da yawan numfashi, da abin da dokin ya ci, da inda ya kwana, da ko ya yi tari. Bayan mako uku ko huɗu littafin zai nuna abin da yake tayar da cutar. Wataƙila wani damin harawa ne. Wataƙila kwana a ɗaki ne. Malamin dabbobi ma zai ji daɗin ganin littafin, domin zai taimake shi wajen gane cutar.

Ba Kowane Tari Ne Fuka Ba

Akwai wasu cututtuka masu kawo tari. Maganinsu daban ne, kuma wasunsu suna yaɗuwa. Dole a san su.

Murar dawaki. Tana zuwa farat ɗaya, da zazzaɓi da busasshen tari. Takan kama dawaki da jakuna da yawa a lokaci guda. A ƙarshen 2018 da cikin 2019 ta ɓarke a Jihar Sakkwato da Nijar da Sanagal da wasu ƙasashen maƙwabta, jakuna masu yawa suka mutu. Dabbar da ta kamu a ware ta, a bar ta ta huta sosai kafin ta koma aiki.

Kumburin ƙasan muƙamuƙi. Dokin yana zazzaɓi, majina mai kauri kamar mugunya tana zuba, ƙasan muƙamuƙinsa ya kumbura har ya fashe. Wannan tana yaɗuwa ta bokitin ruwa da komin abinci da hannun mai kiwo.

Cutar da ƙananan ƙwari masu cizo suke kawowa, galibi da damina da bayanta. Dokin yana zazzaɓi mai zafi, saman idanunsa ya kumbura, wani lokaci kumfa ta fito ta hanci. Tana kisa cikin kwanaki kaɗan. A kai rahoto ofishin dabbobi nan da nan.

Tsutsar huhu. Wannan ita ta fi kama da fuka, domin ita ma tari ne mai daɗewa ba zazzaɓi. Jaki ne yake ɗauke da tsutsar, kuma shi sau da yawa ba ta nuna masa komai. Ƙwayayenta suna fita cikin kashinsa. Dokin da yake kiwo tare da jakuna sai ya kwasa a ciyawa. A karkara, inda doki da jaki suke gida ɗaya, a fara tunanin wannan. Tana da magani da ake ba doki ta baki, sunansa aibamektin. A ba dokin, a ba jakunan gidan duka. In aka bar jakunan, tsutsar za ta dawo.

Zafin jikin doki mai lafiya yana tsakanin digiri 37.5 zuwa 38.5. Malamin dabbobi yana da ma'aunin da zai gwada. Tari tare da zazzaɓi, ko tarin da ya kama dabbobi da yawa a tare, ba a ɗauke shi a matsayin fuka. A ware dabbar, a kira malami.

Gyaran Abinci

Mafi yawan ƙurar da doki yake shaƙa daga abincinsa take. Hancinsa yana cikin harawa awoyi da yawa kowace rana. Saboda haka daga nan ake fara gyara.

Da farko a duba harawar. A kwance damin a duba tsakiyarsa. A sansana. A kaɗa ta a cikin hasken rana. In ta yi warin ruma, ko an ga farin gari ko baƙi-baƙi a jikin ganye, ko ƙura ta tashi kamar hayaƙi, kada a ba dokin. Ruwa ba ya gyara harawar da ta yi fumfuna.

Harawa mai kyau kuma sai a jiƙa ta kafin a bayar. Ga yadda ake yi:

1. A samu rabin duro ko babban daro, a cika da ruwa mai tsabta.
2. A ɗebi harawar da dokin zai cinye a ci ɗaya.
3. A nutsar da ita gaba ɗaya, a danne da dutse. Yayyafa ruwa a sama bai isa ba, domin cikin damin zai zauna a bushe.
4. A bar ta minti 10 zuwa 30.
5. A tsame, ruwan ya tsiyaye, a ba dokin nan take.

Kada a bar ta ta wuni ko ta kwana a ruwa. Amfanin abincin zai bi ruwa, kuma da zafi takan yi tsami. Kada kuma a bar ta ta sake bushewa, domin ƙurar za ta dawo. Abin da dokin ya rage a kwashe. Ruwan jiƙon ba na sha ba ne. A zuba shi a gindin itace ko a lambu, nesa da turke.

Dusa da ƙowa da marmashin ganyen harawa su ma a dama su da ruwa kafin a zuba. Hatsi a sheƙe shi da kyau, nesa da dokin, a fitar da ƙaiƙayi.

A sa abincin a ƙasa-ƙasa, cikin komi mai tsabta. In doki ya sunkuyar da kai yana ci, majinar ƙirjinsa tana samun hanyar fita. In aka rataye harawa a sama, ƙura tana zubo masa a hanci. Jakar abinci da ake rataya wa doki a baki ba ta dace da mai fuka ba. Amma kada a zuba abinci a kan yashi kai tsaye. Dokin zai haɗiye yashi, ya kawo masa ciwon ciki.

Ɗanyar ciyawa ba ta da ƙura. Shi ya sa dawaki da yawa masu fuka suke samun sauƙi da damina. In akwai fadama kusa, a riƙa yanko masa ɗanya ko da rani. Sai dai canjin abinci a yi shi sannu a hankali, cikin mako ɗaya ko biyu, don gudun ciwon ciki.

Ruwan sha kada ya yanke. Doki yana shan lita 20 zuwa 40 a rana, da bazara ma fiye da haka. Isasshen ruwa yana taimakawa majina ta yi laushi.

Tun Daga Gona

Kyan harawa daga girbi yake farawa. Harawar wake ko ta gyaɗa da aka ɗaure tun ba ta bushe ba, cikinta yakan yi zafi ya yi fumfuna. Haka wadda ruwan ƙarshen damina ya daka bayan an yanke. A bari ta bushe sosai kafin a ɗaure. A ajiye ta a bisa, inda iska take ratsawa, kada ta taɓa ƙasa.

Harawar da ta rage a kan soro ko a kan itace har ruwan farko ya sauka tana da haɗari. Takan jiƙe ta bushe, ta sake jiƙewa. Kafin damina ta faɗi a rufe ta, ko a shigar da ita inda ba ya yoyo. Mai saye a kasuwa ya kwance dami ɗaya ya duba kafin ya biya. Araha ba ta ado.

Gyaran Barga

Wurin da ya fi dacewa da dokin fuka shi ne waje. Gindin itace mai inuwa, ko rumfa mai buɗaɗɗen gefe, ya fi masa ɗaki mai ƙofa ɗaya. Ya wuni a can, ya kwana a can in akwai tsaro.

In dole ne ya kwana a ɗaki saboda ɓarayi ko ruwan sama, a yi waɗannan:

1. A fasa taga a ɓangare biyu masu fuskantar juna, a sama, don iska ta ratsa.
2. Kada a ajiye harawa a ɗakin da doki yake kwana, ko a kan rumfar da yake ƙarƙashinta.
3. Kada a shimfiɗa masa ƙaiƙayi ko tsohuwar ciyawa. Yashi mai tsabta ya fi.
4. A kwashe kashi da jiƙaƙƙen yashi kowace rana. Zarnin fitsari yana ƙona hanyar iska. In mutum ya shiga da safe zarni ya buge shi, to dokin da ya kwana a ciki ya fi shi shan wahala.
5. Kafin shara a fitar da dokin. A yayyafa ruwa, sannan a share. A jira kamar awa ɗaya ƙura ta kwanta kafin a mayar da shi.
6. A riƙa kakkaɓe yana da ƙurar bango da ta rufi, dokin yana waje.

In dawaki da yawa suna barga ɗaya, jiƙa wa ɗaya harawa bai isa ba. Ƙurar abincin na kusa da shi za ta iso shi. Ko a jiƙa wa duka, ko a raba wa mai fuka wurinsa.

Hayaƙi ma abokin gaba ne. Masu dawaki da yawa suna hura wuta kusa da turke don korar sauro da ƙuda. Ga dokin fuka wannan hayaƙi cuta ne. In za a yi turaren, a yi shi dokin ba ya nan, a kashe wutar, hayaƙin ya fita, sannan a kawo shi. Kwashe kashi da cike kududdufai yana rage ƙwari. A nisantar da turke daga murhu, da injin niƙa, da janareto, da wurin sussuka da shiƙa, da bakin hanyar mota.

Hunturu

Daga watan Nuwamba zuwa Fabrairu iskar hunturu tana kwaso ƙura daga hamada. A lokacin ne kuma ɗanyar ciyawa take ƙarewa, doki ya koma kan busasshen abinci. Ga kuma ƙunar daji. Dokin fuka yana buƙatar ƙarin kulawa a wannan lokaci.

Wasu sukan kulle doki a ɗaki saboda sanyi, su toshe taga. Wannan yana ƙara masa ciwo. Abin da ya fi shi ne a kafa zana a ɓangaren da iska take bugowa, wato gabas da arewa, a bar sauran a buɗe. Da dare a rufa masa bargo ko buhu mai tsabta a baya. A riƙa yayyafa ruwa kewaye da turke. Ranar da hazo ya yi yawa a bar shi ya huta.

Akwai kuma wasu dawaki kaɗan da nasu ya sha bamban. Su ciwonsu yana tashi ne lokacin zafi da laima, in suna kiwo a fili. An san irin wannan sosai a kudancin ƙasar Amurka. In littafin mai doki ya nuna tarin ya fi yawa da damina a wajen kiwo, a dawo da dokin rumfa mai tsabta, a gaya wa malamin dabbobi.

Aiki Da Hawa

Dokin fuka da ya samu sauƙi yana iya aiki. Kilisa mai sauƙi tana ma taimaka masa wajen fitar da majina. A fita da sassafe ko da yamma. A fara da tafiya a hankali kafin a ƙara sauri. In ya fara tari ba ƙaƙƙautawa, ko haki ya yi yawa, a sauka a sassauta majayi. Ranar da ciwon ya tashi ba a hawa, ba a ɗora kaya.

Hawan sallah yana da ƙura, domin dawaki masu yawa suna tafiya tare. In ciwon ya tashi a makon sallah, a haƙura a bar dokin a gida. In lafiyarsa ƙalau, a nema masa gefen da ƙura ba ta da yawa, a rage masa sukuwa, kuma kada kayan ado su rufe masa hanci. Bayan hawa a ba shi ruwa da jiƙaƙƙiyar harawa a inuwa.

In za a kai doki wani gari a mota, kada a ɗaure kansa sama tsawon tafiya. A bar masa igiya yadda zai iya sunkuyawa. A doguwar tafiya a riƙa tsayawa ana ba shi ruwa.

Maganin Asibiti

Magani yana da amfani, musamman in ciwon ya tashi da ƙarfi. Iri biyu ne. Akwai mai rage kumburin hanyar iska, kamar deksametason. Akwai mai buɗe hanyar da ta matse, kamar kilenbuterol. A ƙasashe irin su Ingila da Amurka ana kuma amfani da wani abin rufe hanci, wanda doki yake shaƙar magani ta cikinsa.

Waɗannan magunguna suna kwantar da ciwo ne. In dokin ya koma cikin ƙura, ciwon zai dawo bayan an daina su. Kuma suna da haɗari in ba a san ƙa'idarsu ba. Mai rage kumburi, in aka daɗe ana bayarwa, yana rage wa jiki ƙarfin yaƙi da cuta. Yana iya jawo ciwon kofato mai tsanani, musamman ga ƙuru mai ƙiba. In aka yi wa dokin da yake zazzaɓi, cutarsa tana iya ƙaruwa. Goɗiya mai ciki ma sai da shawarar likita. Saboda haka malamin dabbobi ne zai faɗi irin maganin, da yawansa, da ranar dainawa.

Allurar kashe ƙwayoyin cuta, irin su fenisilin, ba ta maganin fuka. Sayenta don wannan ciwo asarar kuɗi ce, sai fa in likita ya ga wata cutar ta haɗu da ita.

Kada a yi wa doki ɗurar magani ta hanci. Kada a ɗaga kansa sama a yi masa ɗura da ƙarfi ta baki. Ruwan yana iya bin hanyar iska ya shiga huhu, ya kawo ciwon da zai kashe shi. Kada a turara masa hayaƙin magani a hanci. Kada kuma a yi masa lalas a ƙirji. Ƙuna a fata ba ta isa inda ciwon yake.

In aka ga doki ya miƙe wuya, hancinsa a buɗe, cikinsa yana bugawa, ya ƙi abinci, ko dasashinsa ya yi shuɗi-shuɗi, abin ya yi tsanani. A fitar da shi waje inuwa, a kawar da busasshen abinci, a kira malamin dabbobi ba tare da jinkiri ba.

Wurin farko da za a je shi ne ofishin dabbobi na ƙaramar hukuma. In abin ya fi ƙarfinsu, akwai asibitocin koyarwa na dabbobi a Jami'ar Ahmadu Bello ta Zariya, da Jami'ar Usmanu Danfodiyo ta Sakkwato, da Jami'ar Maiduguri. In annoba ce ake zato, ma'aikata sukan aika da samfur zuwa cibiyar binciken cututtukan dabbobi da ke Vom a Jihar Filato, wadda aka kafa a 1924.

Wajen Saye Da Wajen Barbara

Mai sayen doki ya tsaya ya kalli kwiɓinsa yana hutawa. Ya duba ko akwai layin nan a gefen ciki. Ya sa a yi sukuwa da shi, sannan ya ga tsawon lokacin da zai ɗauka kafin ya huce. Allura tana iya ɓoye fuka na 'yan kwanaki. Saboda haka yana da kyau a yi sharaɗin gwaji na mako ɗaya ko biyu a gaban shaidu. Mai sayarwa kuma ya faɗi aibin dokinsa, don wanda ya saya ya san yadda zai kula da shi.

Ana gadon saurin kamuwa da fuka. Duƙushin da uwarsa ko ubansa yake da ita ya fi sauran haɗarin kamuwa. In uwa da uba duka suna da ita, haɗarin ya ƙaru. Mai neman iri ya guji ingarma mai fuka.

Sai An Yi Haƙuri

Bayan an gyara abinci da wurin kwana, wani dokin yakan nuna sauƙi cikin 'yan kwanaki. Wani sai bayan makonni. Cikakken sauƙi yana iya ɗaukar watanni. Kada mai doki ya gaji a mako na farko ya ce gyaran bai yi ba.

Dokin da ya taɓa yin fuka mai tsanani yana tare da ita har ƙarshen rayuwarsa, ko da ya daina tari. Dami ɗaya na busasshiyar harawa mai fumfuna ya isa ya dawo da ciwon cikin kwana ɗaya ko biyu. Saboda haka kowa a gidan ya san dokar, tun daga maigida har yaron da yake ba dokin abinci. Ranar da maigida ya yi tafiya, jiƙon harawa kada ya tsaya.

Dokin fuka da aka kula da shi haka yana iya ƙara shekaru yana amfanar mai shi. Wanda kuma dokinsa bai kamu ba, ya gyara bargarsa da ajiyar harawarsa tun yanzu. Rigakafi ya fi magani.